Jar Atamfar Gwaggo Hamida

Kaura Namoda,
Talata, 14 ga Satumba.

Zuwa ga Gwaggo Hamida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan ke da surukarki Iya da duk mutanen gidan kuna lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba Rufa'i, Ya sa ya huta. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙafar Umma da ta motsa kwana uku, amma ta fara takawa. Babanmu ya ce in gaya miki, duk da zumuntarku ta kakanni ce, shi bai san wata ƙanwa da ta fi ki ba. Sakamakonmu na kwalejin kimiyya ya fito, na ci, yanzu jiran kiran bautar ƙasa nake yi.

Yau kwana goma sha ɗaya da katse layin waya, shi ya sa na koma takarda. Dogo direba ya zo jiya da saƙonki na baka, na sa ya maimaita sau biyu don kada in yi kuskure. Ya ce kina so in lissafa miki ranar da takabarki za ta cika, in duba akwatin kayan adon da kika aiko wa Umma ajiya ranar da kika shiga takaba, sannan in sayo miki turmin atamfa na fita.

Ga lissafin. An tare motar su Baba Rufa'i ranar takwas ga Zulƙida, a ranar kuma ya cika. Wata huɗu da kwana goma ya kai mu sha takwas ga Rabi'ul Awwal, da faɗuwar rana. Na kai wa malamin islamiyyarmu ya duba, ya ce haka ne. In wata ya tsaya yadda kalanda ta nuna, zai kama Litinin, 25 ga Oktoba, kin ga fitarki sai safiyar Talata. Saura kwana arba'in da ɗaya ke nan.

Akwati yana nan yadda ya zo. Sarƙar lu'ulu'unki na cikin tsumman da kika naɗe ta. Na ƙirga ƙwayoyin sau uku, hamsin da uku ne. Zaren ya ci kusa da maɗaurin, saura sili biyu ke riƙe da shi, in aka sa ta haka za ta tsinke. Zan iya sake mata zare in kin yarda.

Abin da ban gane ba shi ne kalar atamfar. Dogo ya ce "ja" kika ce. Na ce ko dai mai ɗan ratsin ja? Ya ce shi dai ja ya ji. Gwaggo, ki rubuto mini da hannunki. Ba wai ina ja da maganarki ba ne, amma kin san yadda gari yake yanzu. Nan Kaura ko amare sun rage ado in za su hau hanya.

Umma na gaishe ki. A gaida Iya da jiki.

'Yarki,
Zulaihat.

Shinkafi,
Juma'a, 17 ga Satumba.

Ɗiyata Zulai,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode Allah da cin jarabawarki, Allah Ya sa albarka. Muna lafiya. Iya idon ne dai ya ƙarasa rufewa, amma kunne da baki suna nan daram. Ki ce wa Ummanki ta daina tsayuwar wanki.

Lissafinki ya yi daidai da na ƙullin da nake yi bakin zanena. Madalla.

Dogo bai yi kuskure ba. Ja na ce. Ba jan da ya ji kunya ya koma ruwan makuba ba, ba kuma ruwan hoda na 'yan mata ba. Ja irin na barkonon da aka shanya bisa tabarma rana ta buge shi. In da zane a jiki ya zama ƙanana, kada ya yi gardama da wuyana. Gyale kuma ruwan madara, marar kwalliya.

Tunda kin yi boko ba ki yi wanga karatu ba, bari in koya miki. Lu'ulu'u ba ya ɗaga murya. In kin ɗora shi bisa tufa mai sanyin kala, sai su mutu tare. Yana son kala mai ƙarfi ta tsaya bayansa, sannan ya yi magana. Mace baƙa irina, ja ko ruwan goro ko kore shar, su ne nata. Ba a haɗa shi da zinari, sarki biyu ba su zama gari ɗaya. Kuma shi ne ƙarshen shiri: a yi wanka, a shafa mai, a sa turare ya bushe, sannan a ɗaura shi. In turare ya taɓa shi dushewa yake. Kada ki kuskura ki wanke mini shi da omo, tsumma mai laushi ya isa.

Wagga sarƙa ba miji ya saya mini ba, ba gado ba ce. Shekarar da na sauke farali na saye ta a Jidda da guminta na man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shekara ashirin da biyu babu bikin da aka yi a Shinkafi ba a gan ta wuyana ba. Na cire ta don Allah Ya ce in cire. Ranar da Ya ce in mayar, zan mayar.

Sake zaren. Akwai tsohuwar rigata cikin akwatin, ki ba tela ya yi awo da ita.

Gwaggonki,
Hamida.

Kaura Namoda,
Talata, 21 ga Satumba.

Zuwa ga Gwaggo Hamida,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Iya? Umma ta warware, har ta je barkar suna jiya.

Gwaggo, ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki buɗe ƙunshin.

Maganarki kan turare gaskiya ce, har a littafinmu akwai. Sinadarin jikin lu'ulu'u ɗaya ne da na ɓawon ƙwai, abu mai tsami ko mai zafi yana cinsa. Na goge su ɗaya bayan ɗaya da tsumma kawai.

Ranar Asabar Malam Wakili, yayan Baba Rufa'i, ya aiko wa Babanmu saƙo ta bakin Dogo. Ya ce ya ji abin da kike shiryawa, kuma a matsayinsa na babba a gidan bai yarda a aiko da akwatin ba. Ya ce akwai masu kai wa mutanen daji rahoto a kowace unguwa, in suka ga matar mamaci ta fito da abin wuya mai tsada, za su ce an raba gado mai kauri, gidan gaba ɗaya ya shiga uku. Ya kuma ce Iya ba za ta iya ɗauka ba, a ce ɗanta bai yi wata biyar a ƙasa ba matarsa ta fito kamar amarya. Babanmu ya ce shi ba ya shiga maganar zanen mata, ya bar mini.

Na kwana biyu ina juya abin. Na tambayi Dogo, ya ce cikin watan nan sau huɗu aka tare hanya tsakanin Moriki da Shinkafi. Wata maƙwabciyarmu ta ce a garinsu an bi wata mata har gida saboda 'yan kunne. Wannan ban tabbatar ba, ji na yi, amma na huɗun Dogo da idonsa ya ga biyu.

Saboda haka na yi abin da nake ganin ya fi. Atamfar da ke cikin ƙunshin ruwan toka ce mai ɗan ratsin shuɗi. Mai kyau ce, ba ta zuba, na jiƙa gefenta na gwada. Babu wanda zai ce ba sabuwa kika sa ba, babu kuma wanda zai juyo ya kalle ki sau biyu. Sarƙar kuma na bar ta nan tukuna, har abubuwa su lafa. Ko bayan babbar salla mai zuwa kya sa abinki.

Don Allah kada ki ɗauka raini ne. Mun rasa mutum ɗaya a wannan hanyar, ba na son in zama sanadin na biyu.

'Yarki,
Zulaihat.

Shinkafi,
Juma'a, 24 ga Satumba.

Zulai,

Muna lafiya, Iya na lafiya. Na gama gaisuwa.

Na buɗe ƙunshi na zaci buhun siminti kika yanko mini. Ga shi nan na maido, ki ba wanda ke son ya yi kama da bango.

Kin ce kada a kalle ni sau biyu. To ni so nake a kalle ni sau uku. Ranar da aka shigo da gawar Rufa'i ina cikin ɗaki na ji matan gidan ga na cewa, "Shi ke nan, Hamida ta ƙare." Tun ran nan suke mini magana da irin muryar da ake yi wa majinyaci. Mu huɗu ne a unguwar ga da hanya ta cinye wa maza. Uku sun fita takaba tun bara, ki zo ki gan su, har yau kamar an wanke su da toka. Ba talauci ba ne, akwatunansu cike suke. Tsoron baki ne.

Waɗanda suka tare Rufa'i, zinari suka gani jikinsa? Tsohuwar riga ce wuyansa mai tabon man mota, da silifas. Ba su tambayi kalar riga ba. Mutum ɗaya suka ɗauke mini, ba zan ɗora musu kaina gyara ba.

Na yi abin da Allah Ya ɗora mini, ban sa kwalli ba, ban taɓa lalle ba, ban leƙa zaure ba. In ya cika ya cika. Abin da Yaya Wakili ke son ƙarawa bisa kai, ya nuna mini a wane littafi yake.

Ke kuma, tunda kin taɓo ni. Na ga hotunanki na makaranta a wayar ɗiyata Sa'ida tun kafin a katse layi. Shekara huɗu, kowane hoto hijabi ruwan toka, kina bayan mutane kamar wadda ta zo satar kallo. Yarinya mai wuya irin naki! Ni miji na rasa. Ke takabar wa kike yi?

Kayana ne, ajiya na ba ku. In ba za ki turo abin da na ce ba, ki huta da rubutu.

Hamida.

Kaura Namoda,
Talata, 12 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya Sa'ida,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da maigidan da mutanen Zurmi kuna lafiya. Ya nauyin jiki? Umma ta ce watanki ya kusa, Allah Ya raba lafiya. Na ba wata mata mai zuwa garinku wannan takarda, ta ce ta san gidanku.

Yaya, ina jin na ɓata tsakanina da mahaifiyarki. Ta ce in sayo mata jar atamfa ta fitar takaba in haɗo da sarƙarta, ni kuma saboda saƙon Malam Wakili na aika mata ruwan toka na riƙe sarƙar. Ta maido da atamfar, ta rufe takardarta da cewa in huta da rubutu. Ko "Gwaggonki" ba ta sa a ƙasa ba, sunanta kawai. Na rubuta mata ban haƙuri ranar 28 ga Satumba na kai tasha. Yau kwana goma sha huɗu, babu amsa. Na je tasha sau biyar ban ga Dogo ba, 'yan kamasho kowa da abin da yake faɗa. Ko dai ta ce masa kada ya ƙara karɓar takardata? Ko wani abu ya faru ne ake ɓoye mana?

Akwai maganar da ta yi mini da ta hana ni sakat. Ta ce takabar wa nake yi. Na ji haushi, na buɗe akwatina don in ƙaryata ta. Hijabi goma sha ɗaya gare ni: shida ruwan toka, uku baƙaƙe, biyu ruwan ƙasa. Na zauna bakin gado ina tuna yaushe hakan ta fara. Satina na farko a makaranta na sa wata riga rawaya, wasu samari a bakin tasha suka bi ni da "ga mangwaro ya nuna". Ban sake sa ta ba. Maganar banza ta minti ɗaya, na biya ta da shekara huɗu, kuma ban taɓa lura ba sai da aka faɗa mini daga Shinkafi.

Duk da haka tsoron da nake ji mata na gaske ne. Saura kwana goma sha uku. Ki faɗa mini gaskiya, me zan yi?

Ƙanwarki,
Zulaihat.

Zurmi,
Asabar, 16 ga Oktoba.

Zulai 'yar boko,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ni dai sai juyi da ƙyar, ƙafafu kamar turame. Gaida Umma.

Kwantar da hankalinki, kin cika saƙa da warwara. Motar Dogo ce ta yi kusan sati uku a ajiye don rashin mai, takardarki na nan aljihunsa ko tasha. Jiya ya fara fita. Kishiyar maƙwabciyata ta dawo daga Shinkafi shekaranjiya, ta shiga ta gaida Inna. Ta ce ta same ta tana dariya, wai in ke ba ki kawo ba, labulen ɗakinta ja ne, za ta sauke shi ta ɗaura. Kin san kuma za ta aikata. Inna in ta yi fushin gaske ba ta rubuta takarda mai tsawo, shiru take. Wanda ta zaga shi take so.

Ni ma tsoron nake ji, kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Ubana ne aka kashe. Amma na zauna da ita sati biyu bayan rasuwar, na ga yadda take kallon ƙusar da take rataye sarƙar. In aka hana ta wannan fitar, ba na jin za ta ƙara tashi.

Maganar Iya kuwa, Baba Wakili ne ke faɗa da bakinta. Ban ji wanda ya ce ya tambaye ta ba.

In za ki kai ɗinki, ki ce tela ya rage yatsa biyu kowane gefe, ta rame. Da ina iya hawa mota da ni zan kai. Ba na ce ki je ba, hanya ce. Na dai gaya miki abin da na sani.

Yayarki,
Sa'ida.

Kaura Namoda,
Laraba, 20 ga Oktoba.

Zuwa ga Gwaggo Hamida,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya jikin Iya? Mu lafiya lau. An yi Mauludi jiya, kin ga watan ya tsaya yadda na lissafa, Litinin ɗin tana nan.

Ki bar labulenki inda yake.

Ranar Lahadi na ɗebi busasshen barkono uku a madafin Umma na tafi kasuwa da su a hannu. Shago huɗu na shiga. Duk wadda aka sauko mini sai in fita da ita rana in ɗora barkonon a kai. Mai shago na huɗu ya ce, "Malama, miya za ki yi da ita?" Na ce ya sauko da ta saman can. Ita ce. Da na ɗora barkonon sai da na laluba kafin in gane inda yake. Zanenta ƙanana ne, baƙaƙe. Tela ya gama jiya, an rage yatsa biyu. Gyale ruwan madara na nan.

Sarƙar na sake mata zaren siliki, na yi ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, ko ta tsinke ɗaya ce za ta faɗi. Hamsin da uku, ba ragi.

Ba zan ba Dogo ba. Ni zan kawo da kaina ranar Lahadi, 24 ga wata, motar safe. Na gaya wa Babanmu. Ya ce in yi alwala kafin in hau. In Malam Wakili ya tambaya, ki nuna masa wannan takardar, sunana na ƙasa. Ajiya aka ba mu, mai ita ta nema.

Ba zan ce miki na daina jin tsoro ba. Kuma na sayi gyale rawaya. Sau biyu na yafa shi, a ɗaki, ƙofa a rufe.

'Yarki,
Zulaihat.

Shinkafi,
Laraba, 27 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya Sa'ida,

Assalamu alaikum. Ya nauyin jiki? Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ko ma ta same ku ku biyu. Inna lafiya, Iya lafiya, ni ma na iso lafiya. Na san za ki so in ba ki labari kada in tsallake komai, to ga shi.

Mun tashi Kaura ƙarfe takwas da kwata ranar Lahadi. Atamfar na sa ta ƙasan buhun garin rogo. Sarƙar na rasa inda zan ɓoye, ƙarshe na ɗaura ta a wuyana ƙarƙashin hijabi. Da fari sanyi gare ta kamar ƙanƙara, kafin Moriki ta ɗauki ɗumin jikina. Shingen jami'an tsaro bakwai muka wuce. Bayan Moriki akwai wurin da kowa a motar ya yi tsit, Dogo ya kashe rediyo ya taka mota. Ba wanda ya ce mini nan ne aka tare su Baba Rufa'i, amma na gane. Ban san sau nawa na karanta Ayatul Kursiyyu ba, karo na farko ke nan da lissafi ya ɓace mini.

Da na shiga ɗakin Inna ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta ce, "Ina barkonon?" Na buɗe. Ta daɗe tana kallo, hannunta a baya, don ranar ba ta cika ba. Sannan ta ce, "To, yanzu kin ci jarabawa."

Litinin da aka kira magariba ta kwance ƙullin ƙarshe a bakin zanenta. Jiya Talata da hantsi ta yi wanka, aka raba waina sadaka, ta zauna gaban madubi. Ta sa kwalli, ta shafa mai, ta yi turare ta jira ya bushe. Ta sa riga da zane, ta kafa ɗauri. Sannan ta juya mini baya ta ce, "Ɗaura." Yaya, na sha ganin sarƙar nan cikin tsumma wata guda, farar tsakiya ce kawai. Da ta kwanta tsakanin jan nan da baƙar fatar Inna sai ta zama wani abu dabam, kamar an kunna ta. Ta kalle ni ta madubi ta ce, "Ke kuma haka za ki bi ni kamar inuwa?" Na ciro gyalena rawaya na yafa.

Da muka fito tsakar gida matan suka daina daka. Ba wadda ta yi guɗa. Ɗaya ta ce, "Ikon Allah," wata ta ja 'yarta ɗaki. Inna ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da suna, ta yi musu godiyar zaman makoki, kamar ba ta ga fuskokinsu ba. Ta nufi ɗakin Iya, don ta ce da ita za ta fara kafin ta shiga gari godiya.

Malam Wakili na zaune bisa tabarma a bakin ƙofar, ya miƙe ƙafafunsa sun tare hanya, yana jan carbi. Tun asuba yake nan, in ji matarsa.

Ya ce, "Hamida, koma ki sauya. Tsohuwa ba ta jin daɗi."

Ta ce, "Ina kwana, Yaya Wakili. Gaishe ta zan yi."

Ya ce, "Da wannan? Gidan biki kika ga an mayar da nan? Kina so a zo a kwashe mu saboda tsakiyar wuyanki?"

Ta ce, "Wata huɗu da kwana goma ban ɗaga murya a gidan ga ba, kuma yau ma ba zan ɗaga ba. Janye ƙafarka, ko in tsallaka."

Kin san abin da tsallake ƙafar babba yake. Sai ya juyo kaina. Ya ce, "Ke ce 'yar bokon da ta ɗauko mana fitina tun daga Kaura? Ban aika wa ubanki ba?"

Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Ni ce, Malam. Saƙonka ya iso. Kayanta ne ta nema. Takabarta ta cika jiya da faɗuwar rana, ga takardar lissafin a jakata, in akwai kuskure ka nuna mini." Bai karɓi takardar ba.

Daga cikin ɗaki Iya ta ce, "Wa ke ƙamshi haka a ƙofata kuka tsare shi da surutu?"

Ya janye ƙafa. Ba duka ba, daidai wucewar mutum ɗaya.

Muka shiga. Inna ta durƙusa gaban gado. Iya ta miƙo hannu tana laluba fuskarta, ta sauko wuya, ta tsaya kan sarƙar. Ta bi ƙwayoyin da yatsa kamar mai jan carbi. Ta yi hawaye, ba zan ɓoye miki ba, mu ma mun yi. Malam Wakili ya leƙo ya ce, "Kin gani ko? Abin da nake gudu ke nan."

Iya ta ce, "Kai, rufe mana baki. Ɗana nake wa kuka, ba zane ba. Wata huɗu gidan ga na warin rumbu, wa ya tambaye ni?" Ta kama gefen rigar ta murza. "Hamida, wace kala ce?"

"Ja ce, Iya."

"Ja sosai?"

"Kamar barkono."

"Wagga ta bayanki fa, mai numfashi kamar an biyo ta?"

"Ɗiyar ɗan'uwana ce ta Kaura. Rawaya ta yafa."

Iya ta goge ido da bakin zane ta ce, "To kada ku bi ta lungu. Ku fita ta bakin titi, ku bi ta gaban mai shayi, ku ratsa ta majalisar su Wakili. A hankali za ku taka."

Ta nan muka bi, Yaya. Gida tara muka shiga kafin azahar. Ba zan ce miki babu haɗari ba, ban san wanda ya gani ba, ban san abin da ya ƙulla ba, kuma Malam Wakili bai amsa gaisuwata ba yau da safe. Amma daga ƙofar gida zuwa ƙarshen majalisar nan, maza sun fi ashirin a zaune, ina bayanta da taku biyu. Sau biyu na kalli ƙasa. Inna ko sau ɗaya.

Ƙanwarki,
Zulaihat.